Babin Farko Ya Hana Ni Ci Gaba

Tambaya: Malam, ina rubuta ƙagaggen labari, amma kullum babin farko nake gyarawa, na kasa wuce shi. Ina mafita? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malama, ki dakatar da gyara, ki rubuta labarin har ƙarshe ko da kurakurai, domin sau da yawa sai marubuci ya kammala yake gane inda ya kamata labarinsa ya fara. Daga nan ki ajiye shi kamar wata guda. Idan kin dawo, ki fara da ginin labarin, duk babin da bai ciyar da rikicin gaba ba ki cire shi, ko da kina sonsa. Hirar taurari kuwa, ki karanta ta a bayyane, ki ji ko haka Damagarawa suke magana. Ƙa'idojin rubutu su jira zagaye na ƙarshe.