Amsa: Zan iya canza rediyon motata da kaina?

Ɗan'uwa, ka ce kana son cire rediyon da motarka ta zo da shi daga kamfani ka saka mai Bluetooth, kana tambaya ko sai ka kai wa mai wayarin. Na sha yin wannan aikin, kai ma za ka iya, da sharaɗi ɗaya: kada ka yanke ko waya ɗaya ta motar.

Akwai soket na haɗi da ake sayarwa daidai da irin motarka da shekararta. Gefensa ɗaya yana shiga soket ɗin motar, ɗaya gefen kuma wayoyi ne a sake da za ka haɗa da na sabon rediyon. Kana zaune a ɗaki za ka yi wannan haɗin, launi da launi. Ruwan ɗorawa wutar batir ce da ba ta ɗaukewa, ja wutar da ke zuwa idan ka murɗa makulli, baƙa kuma negatif. Farar waya da mai ruwan toka na sifikun gaba ne, hagu da dama, koriya da shunayya na baya, mai ratsin baƙi a kowanne ita ce negatif ɗinsa. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke tayar da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Amma lura, wannan tsarin launi na sabon rediyo ne da soket ɗin haɗi kawai. Wayoyin cikin mota kowane kamfani da nasa launin, shi ya sa wanda ya datse soket ɗin asali yake kwana yana laluben wacce ce wacce. Ga shi ranar da zai sayar da motar babu halin mayar da tsohon rediyon.

A haɗin, ka liƙe da dalma ko ka matse da ƙarfen haɗa waya. Murɗe waya a naɗe da salatif aikin ganin ido ne, zafi da jijjiga za su warware shi.

Kafin ka saya, auna ramin. Ƙaramin, wato DIN ɗaya, milimita 180 ne a faɗi da 50 a tsayi, DIN biyu kuma 180 da 100. Idan fuskar dashbod ɗinka ba ta zo a haka ba, akwai firem na cike giɓin. Duba bakin eriya ma, wasu motocin sai da ɗan mahaɗi.

Inda aikin ke wuya shi ne motocin zamani. Da yawansu babu waccan wutar makullin a bayan rediyo, kwamfutar motar ce ke aika umarni ta layin da ake kira CAN. Irin wannan sai da ƙaramin akwatin da zai karanta umarnin. Haka maɓallan sitiyari, suna da nasu mahaɗin daban, in ba haka ba su tashi aiki. In motar na da amfilifayar kamfani, irin su Bose ko JBL, nemi soket ɗin da aka yi domin ta, in ba haka ba za ka ga rediyo na haske amma shiru kake ji. In kuwa da allon rediyon kake sarrafa sanyin mota, ni dai shawarata ka bar shi a wurinsa, ka nemi ɗan Bluetooth na saƙalawa.

Ranar aikin, fara cire kan batir na negatif. Ɓamɓare fuskar dashbod da abin roba, sukudireba yana barin tabo. Idan ka zare soket ɗin fitilar jakar iska (jakar da ke kumbura ta kare mutum a haɗari) da ke jikin fuskar, kada ka murɗa makulli sai ka mayar da shi, don a wasu motocin fitilar gargaɗi za ta kama ta ƙi mutuwa sai an goge da na'ura.

Kada ka ɗaure komai sai ka mayar da kan batir ka gwada. Juya sauti gaba da baya, hagu da dama, ka ji kowace sifika ita kaɗai. Sannan ajiye tasha ɗaya, kashe motar, zare makulli, sake kunnawa. In ya manta tashar da agogo, ja da ruwan ɗorawa ne suka yi musanye. An saba ganin haka a wasu motocin Volkswagen da Audi, kuma rediyoyi da yawa suna zuwa da mahaɗi a kan wayoyin biyu, zarewa kawai za ka yi ka sauya musu wuri.