Koyar da Baƙin Injiniyoyi Kiyaye Kai daga Sinadarai Masu Haɗari

Malam, ka tambayi ta inda za ka fara koyar da injiniyoyin da suka zo daga ƙasashen waje masana'antarku a Kakuri da ke Kaduna, alhali Turancinsu bai nuna ba, Hausa kuwa ba su jin ko “zo”.

A ganina, ka fara da alamomi tara na tsarin GHS, wato tsarin duniya na rarraba sinadarai da sa musu alamar haɗari, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wallafawa a 2003, domin hoton harshen wuta ko ƙoƙon kai da ƙasusuwa da aka kewaye da jan layi mai kusurwa huɗu ba ya buƙatar tafinta. Daga nan sai takardar bayanin kowane sinadari, mai sassa 16. Ka fi tsayawa a kan sashe na 4, na taimakon gaggawa, da na 8, na kayan kariya.

Kada digirinsu ya sa ka ɗauka sun san komai, don ilimin aji daban, sanin wurin aiki daban. Ka zagaya da su ma'ajiyar sinadarai da ƙafa, kowa ya buɗe famfon wanke ido da hannunsa, ya kuma san cewa minti 15 ne mafi ƙarancin lokacin wankewa. Ka jaddada musu cewa iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa, tana kashe jin wari, saboda haka na'urar aunawa ake dogara da ita, ba hanci ba.

Sannan su haddace “wuta”, “guba”, “tsaya” da “fita”, tunda da leburorinmu za su yi aiki, kuma a zafin Maris da Afrilu ne aka fi cire takunkumi da safar hannu.