Kada Ka Sayar Da Kilin Nan

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ran hawan Sallah kilinka ya yi maka tutsu a bainar jama'a, da kuka koma gida ka ɗaure shi a turke ka zane shi da dorina. Tun ranar, in ka doso shi sai ya kwantar da kunnuwa ya juya maka ƙugu. Abokanka na cewa ya riƙe ka, zai rama, gara ka sayar. Kana tambaya ko haka magabata suka san doki.

Raƙumi ne mutane ke yi wa zargin riƙo, doki kuwa tsoro yake ajiyewa. Ba ya kwana yana ƙulla maka sharri, amma ba ya manta inda ya sha wuya da hannun da ya ba shi ita. Kai a ganinka ka hore shi kan abin da ya yi a ƙofar fada. Shi abin da ya gane, yana tsaye a turkensa, maigidansa ya zo, sai zafi. Tutsun ya daɗe da fita kansa.

Shi ya sa a nan Argungu, da muna yara, ba ka ganin tsohon mahayi yana dukan doki a ɗaure. Gyara a kan sirdi ake yin sa, nan take: ya karkace, ka taɓa shi da kaimi, ya miƙe, ka sassauta linzami. Sassautawar nan ita ce karatun. Linzaminmu na gargajiya kuma ka san shi, ƙarfe ne mai zobe, in hannu ya yi nauyi sai ka ga jini cikin kumfar baki. Ka duba bakin kilin tukuna, ka duba ƙarƙashin sirdi ko akwai miki. Sau da yawa tutsu ciwo ne.

Ni ma na yi irin taka. Ina saurayi na shauɗa wa wani bidin mahaifinmu igiyar ragama a fuska, daidai bakin zaure. Wata guda ya ƙi shiga zauren nan, sai ya kafe yana huci. Tsohon da ke kula da bargarmu bai ce mini uffan ba sai da yamma, ya tuna mini cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana dukan dabba a fuska. Sannan ya ɗora mini kai dusa da kanwa safe da yamma, ni kaɗai. Turawa ma sun gwada abin: a 2018 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila suka nuna wa dawaki hoton mutum yana ɗaure fuska, bayan sa'o'i da mutumin ya zo da kansa, sai suka riƙa yi masa kallon ɗari-ɗari.

To, ka karɓi harawarsa daga hannun yaron barga. Ka zo masa ta gefen kafaɗa kana magana, don ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, nan ake shan harbi. Ka sosa masa wuya, ka tafi. Kada ka ɗaura sirdi sai ranar da ya ji takunka ya ɗaga kunnuwa. Dorinar kuma ka rataye ta a ɗaki.

Ka gaida mahaifiyarka. In na shigo Birnin Kebbi ran Juma'a zan duba bakin nasa da kaina.

Kawunka.