Ɗauko jerin DNA daga GenBank ba tare da kwafa ɗaya bayan ɗaya ba

Malam, ka tambaya yadda za ka sauke ɗaruruwan jerin DNA na ƙwayar sammore daga GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, don bincikenka kan shanun Ngawundere. Ka yi amfani da E-utilities, kayan aikin nema da sauke bayanai na NCBI, hukumar Amurka mai kula da GenBank: ESearch yana nemo lambobin bayanan, EFetch kuma yana sauke su a tsarin FASTA (tsarin rubuta jerin DNA da haruffa), kuma Biopython, kayan aikin nazarin halittu na harshen kwamfuta Python, yana haɗa ayyukan biyu cikin ɗan gajeren shiri. An ƙayyade buƙata 3 a daƙiƙa ga wanda ba shi da mabuɗin API (lambar shaidar mai amfani da NCBI ke bayarwa), 10 ga mai shi. Tun da wuta da intanet suna yawan yankewa a wajenmu, ina ba ka shawara ka riƙa saukewa kashi-kashi, kana adana kowane kashi nan take, domin shirin ya ci gaba daga inda ya tsaya.