Wace na'ura zan saya da za ta riƙa buɗe bidiyoyin da na sauke?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da tarin bidiyo a kwamfuta, wasu AVI wasu MP4 wasu MKV, ina so in riƙa kallonsu a talabijin. Na ari na'urar DVD ta wani abokina mai wurin saka filash, wasu suka buɗe, wasu ta ce ba ta gane fayil ɗin ba, wani kuma hoto ya fito amma babu sauti. Don Allah in sayi DVD mai tambarin DivX ne, ko Blu-ray, ko akwatin Android?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh na'urar abokinka lafiyarta lau, abin da ya faru shi ne haruffan nan uku da ke ƙarshen sunan fayil ba su ne ke nuna ko zai buɗe ba. AVI da MP4 da MKV duk mazubi ne kawai, kamar ambulan. Abin da ke ciki, wato hoton da sautin, an matse shi da wani salo da ake kira kodek, shi ne yaren da aka rubuta wasiƙar da shi. Na'ura za ta iya yage ambulan ɗin lafiya lau amma ta tarar da yaren da ba ta ji, shi ya sa za ka ga fayil biyu duk MP4, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, mutum ya yi ta zagin filash ba laifinta.

Bari in fara da DVD mai tambarin DivX tunda ita ka fara ambata. Waɗannan an yi su ne don zamanin da mutane ke matse fim guda ya shiga faifan CD mai cin megabait 700, da kodek ɗin DivX ko ɗan'uwansa Xvid, a cikin mazubin AVI. A wannan aikin gaskiya ba su da matsala. Amma yawancinsu iyakarsu faɗin hoto ɗigo 720 da tsayi ɗigo 576, duk abin da ya haura haka, ko da Xvid ne, ba za ta taɓa shi ba. Kuma ko a cikin Xvid ɗin akwai wasu saituna biyu, Qpel da GMC, in wanda ya matse bidiyon ya kunna su sai ka ga hoto yana tsalle ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne a jikin kwali sai a rubuta MP4 ko MPEG-4, mutum ya ɗauka duk MP4 za ta karanta, alhali tsohon salon MPEG-4 suke nufi, ba H.264 ba. Shi kuwa H.264 tun 2003 aka fito da shi kuma shi ne a cikin mafi yawan bidiyon da ke yawo yanzu, har wanda wayoyi da yawa ke ɗauka. Bayansa H.265 ya zo a 2013, wanda ake kira HEVC, yana matse fayil ya ƙara ƙanƙancewa ba tare da hoto ya lalace sosai ba, sai AV1 a 2018. Tsohuwar DVD ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Blu-ray ta ɗara, domin H.264 na cikin abin da aka gina ta a kai, da yawansu suna buɗe MKV da MP4 ta filash. Sai dai in ba mai 4K ba ce, kar ka sa rai da H.265. Ni dai ban ga amfanin sayenta ba in ba kana da faya-fayan da kake son kallo ba.

Maganar hoto babu sauti kuwa, wannan kusan kullum kodek ɗin sauti ne. MP3 da AC3 kusan kowace na'ura na jinsu, AAC ma haka in ban da tsofaffin DVD da yawa, amma DTS sai kamfani ya biya kuɗin lasisi kafin ya saka shi, wasu ba sa biya, har talabijin masu tsada akwai waɗanda babu shi. Fayilolin MKV manya su aka fi samu da wannan. Kafin ka fidda rai ka danna maɓallin canza sauti a rimot, wani fayil ɗin yana ɗauke da sauti biyu, na biyun ya yi aiki.

Saboda haka in ni ne kai, akwatin Android zan saya, ko duk wata ƙaramar na'ura da za ta bar ka ka saka manhaja irin VLC ko Kodi ko MX Player. Dalilina shi ne DVD yadda aka ƙera ta haka za ta mutu, ba a ƙara mata sabon yare, shi kuma akwati manhajarsa ana sabunta ta. Amma a nan ma akwai tarko, ka duba ko injin cikinsa da kansa yake warware H.265, har da mai bit 10, wato mai ƙarin zurfin launi, domin in aka bar wa manhaja aikin ita kaɗai a ƙaramin akwati mai rauni sai bidiyo ya riƙa sarƙewa, baki na motsi magana na biyo baya, akwatin ya yi zafi kamar dutsen guga. Sannan ka duba bayan talabijin ɗinka, in tsohuwa ce mai ramuka uku, rawaya da ja da fari, ka tabbatar akwatin yana da wannan mafitar, don da yawa HDMI kaɗai gare su.

Kafin ka fitar da kuɗi ga abin da za ka yi. Ka sauke wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna MediaInfo, ko a cikin VLC ma akwai wurin da ke nuna bayanin kodek, ka buɗe fayilolinka kamar goma ka ga me ya fi yawa a ciki. Sai ka zaɓi mafi taurin kai guda huɗu ko biyar, har da wanda ya ƙi buɗewa da wanda ya fito babu sauti, ka zuba a filash ka tafi da ita wurin mai sayarwa a gwada a gabanka. Kar ka yarda da bidiyon da shi zai saka maka, ai ya san wanda ke buɗewa. Ka tura bidiyon gaba zuwa tsakiya ka ga ko zai ci gaba, don wata na'urar tana farawa lafiya, da ka taɓa turawa ta sandare. In kana amfani da rubutun fassara na ƙasan hoto, ka sa fayil ɗin SRT a wuri ɗaya da bidiyon, sunansu iri ɗaya sak, ka ga ko zai fito.

Af, na kusa mantawa da filash ɗin kanta. In tsarinta FAT32 ne, fayil ɗaya ba zai wuce gigabait 4 ba, komai girman filash ɗin, sai ka mayar da ita NTFS ko exFAT, su kuma tsofaffin DVD yawanci FAT32 kaɗai suke gani. Babban rumbun ajiya na waje ma wani lokaci wutar da ramin USB ke ba shi ba ta isarsa, za ka ji yana ƙas-ƙas bai tashi ba.

In kuma ka riga ka ƙulla sai DVD saboda kana da faya-faye da yawa, to ka saye ta don su, 'yan fayilolin da suka ƙi ka juya su zuwa Xvid a mazubin AVI da manhajar sauya bidiyo, faɗin kar ya wuce 720, sauti MP3. Zai ci maka lokaci kuma hoton zai ɗan ragu, a babbar talabijin za ka lura da hakan.