Gindin akwatin wasan Pac-Man ya ruɓe

Malam, ka ce ka samo tsohon akwatin wasan bidiyo na Pac-Man a wani shago a Kofar Ƙaura, gindinsa ya kumbura, kana tambayar ko zai gyaru. Zai gyaru.

Da yawa daga cikin irin waɗannan akwatunan na shekarun 1980 da matsattsen garin katako ake yinsu, shi ya sa da ya sha ruwa sai ya riƙa marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Fara duba ko gara ta ci shi tukuna. Kankare ruɓaɓɓen wurin har ka taɓa mai ƙarfi. Ƙaramin rami, kwaɓa gam da garin katako ka cike, ya kwana, ka goge da samfefa. In ɓarnar ta wuce tafin hannu, kafinta ya yanke ya sa sabon katako. Zanen da ke gefen akwatin dai, kada ka bari ya shafe shi da fenti.