Turbo ko sufacaja a kan IS300? Ga abin da na gani

Ƙanina, ka ce kana da Lexus IS300 kana so ka ƙara mata ƙarfi, kana tambaya turbo za ka ɗaura ko sufacaja. Na taɓa duka biyun, kuma ɗaya ya ci min inji, don haka bari in faɗa maka.

Aikinsu ɗaya ne: cusa wa inji iska fiye da wadda zai shaƙa da kansa, ya ƙona mai da yawa. Inda suka rabu shi ne mai juya su. Turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, yana iya wuce zagaye 150,000 a minti. Sufacaja kuwa bel ne ke jansa daga jikin injin, wato sai ya ci daga ƙarfin kafin ya ba ka. Shi ya sa turbo ya fi ba da ƙarfi, amma sai ka taka totur ka ɗan jira kafin ya farka. Sufacaja kana takawa yana amsawa. Wanda ya tuƙa Marsandi C230 Kompressor ya san abin da nake nufi.

To amma ba nan gizo ke saƙa ba. In IS300 ɗin farko ce, injin motarka 2JZ-GE ne, matsinsa, wato yadda fistin ke matse iska da mai, 10.5 ne. Ɗan'uwansa na Supra, 2JZ-GTE, wanda aka haifa da turbo, 8.5 ne, kuma da gangan Toyota suka rage. Ka cusa iska a inji mai matsi sosai, ga fetur ɗinmu da ba kullum ake samun mai kyau ba, ga zafin Zariya a watan Afrilu, sai man ya riƙa kamawa kafin lokacinsa. Haka tawa ta yi. Wani bakanike ya ɗaura min turbo na gwanjo, ba intakula mai sanyaya iskar da turbo ke cusawa, ba a taɓa birenbos, wato kwamfutar injin, ba, ya ce ba komai. Wata biyu ina jin daɗi. Ranar nan na taso daga Kwangila na kama hanyar Kaduna, na ji ƙara kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Fistin ya narke. Kuɗin gyaran ya fi na turbon.

Sufacajan da na sa a wata motar daga baya bai taɓa ba ni wannan wahalar ba, sai dai bel da yake yawan ci, ga shan mai kamar raƙumi. A cunkoson PZ da Sabon Gari ya fi daɗi nesa ba kusa ba, domin a can ba ka samun filin da turbo zai buɗe.

In har ka nace sai turbo, kada matsin iska ya wuce rabin bar a ma'auni, ka sa intakula, ka ƙara girman lagireto, ka nemo wanda ya iya saita birenbos da kwamfuta tun kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya. Baƙin mai kuwa mai kyau, a kan lokaci, kuma in ka yi gudu ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Lokacin hunturu ka riƙa duba matatar iska, ƙura na cinye fukafukan turbo.

Ni dai da ni ne, da motar zuwa aiki ce, sufacaja zan sa. Faɗa min shekarar motar da irin giyarta, don in otomatik ce akwai wata maganar.